Na'ibi a Bayan Liman: Shirin Ko-ta-kwana a Gidajen Rediyo da Ambaliyar Kogin Haɗeja



GABATARWA

Duk wanda ya saba sauraron rediyo ya san wani abu da kan faru jefi-jefi. Ana tsakiyar labarai ko waƙa sai murya ta ɗauke ɗif, a jima kaɗan mai gabatarwa ya dawo ya ba da haƙuri, ya ce an sami tangarɗar na'ura. A ranakun da hankali ke kwance wannan bai wuce abin tsaki ba. Amma akwai wurare da lokutan da shirun rabin sa'a kan jawo hasarar dukiya, har ma ta rai, kuma kwarin Kogin Haɗeja a watannin Agusta da Satumba yana daga cikinsu.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dabaru biyu da injiniyoyin gidajen rediyo da talabijin ke bi don kada murya ta yanke. Ta farko ita ce tagwaita na'urori, watau a tanadi biyu a inda ɗaya za ta isa. Ta biyu kuwa ita ce karɓar aiki, watau yadda na'ura ta biyun ke maye gurbin ta farko ba tare da mai sauraro ya farga ba. Bayan an bayyana su za a auna su da halin da ƙasar Haɗeja ke shiga da damina, domin a nuna cewa na'ura ta biyu ba ta da amfani muddin abin da ya ka da ta farko zai iya haɗawa da ita.

MISALI DAGA SAHUN SALLA

Tun da yake Hausa ba ta riga ta tsai da kalmomin wannan fanni ba, ya kyautu a fara da abin da kowa ya sani. Malaman fiƙihu sun yi bayanin abin da ake yi idan uzuri ya sami liman a tsakiyar salla, kamar alwalarsa ta karye. Sai ya jawo ɗaya daga cikin mamun da ke bayansa, wannan ya ci gaba da jan salla daga inda aka tsaya. In kuwa liman ya fita bai naɗa kowa ba, jama'a ne za su gabatar da ɗaya daga cikinsu.

Abin lura a nan shi ne halin wanda aka jawo ɗin. Yana cikin sahu tun farko, yana da alwala, ya san raka'ar da ake ciki, kuma ya cancanci limanci. Saboda haka ne ba a sake salla daga fari. Da a ce na'ibin yana gida, sai an aika an kira shi ya zo ya yi alwala, to, da sallar ta katse.

Haka injiniyoyi suka kasa na'urar ko-ta-kwana hawa uku. Akwai wadda ke ajiye a sito cikin kwalinta, sai ta farko ta lalace a ɗauko ta a harhaɗa, abin ya ci sa'o'i ko kwanaki. Akwai wadda aka riga aka haɗa, tana kunne, amma sai mutum ya zo ya ɗora mata shirin da ake ciki, abin ya ci mintoci. Akwai kuma wadda ke bin ta farko sau da ƙafa, duk abin da waccan ke sakowa ita ma tana sakowa a daƙiƙa guda, illa dai ba a buɗe mata hanyar fita ba. Wannan ta ukun ita ce na'ibi na cikin sahu. A sauran wannan lacca za a riƙa kiran na'urar da ke kan aiki uwar na'ura, mai jiran gadonta kuwa na'iba.

DAGA AKWATIN WAYA ZUWA KWAMFUTA

Rediyo ya fara shiga gidajen mutane a ƙasar nan ta hanyar waya ne, ana ja ta daga tasha zuwa wani akwati da ake kafawa a bango. An buɗe irin wannan tasha a Kano a 1944. A 1957 aka kafa Hukumar Rediyon Nijeriya, a shekarar kuma BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa. A watan Maris na 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ta gajeren zango muryarsa ke kaiwa ƙauyuka masu nisa, har da na ƙasar Haɗeja. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991, ta kafa nata gidan rediyo a Dutse. A 1992 Dokar Soja mai lamba 38 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, aka sami irin su Freedom Radio a Kano a 2003, daga bisani kuma Sawaba FM a cikin garin Haɗeja.

A zamanin faifan garmaho da tef, tagwaitawa abu ne da ido ke gani. A ɗakin gabatarwa akan ajiye na'urar faifai biyu da ta tef biyu, ga kuma tef ɗin kiɗa a gefe don cike giɓi. Mafi muhimmanci, akwai mutum zaune dare da rana, kunnensa na kan abin da ke fita. In tef ya tsinke shi ne zai buɗe makirufo ya ba da haƙuri, ya saka wani.

Yanzu kuwa aikin ya koma cikin kwamfuta. Ana ɗaukar shirye-shirye da waƙoƙi da tallace-tallace a adana su a faifan ajiya. Sai a rubuta jadawali mai faɗin abin da zai fita da lokacin fitarsa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kwamfuta ce ke bin jadawalin da kanta, ta sako shiri, ta tsai da shi don talla, ta haɗa da labaran ƙasa in lokacinsu ya yi, sa'an nan ta rubuta duk abin da ya fita don shaida ga masu talla da hukuma. Amfanin wannan a fili yake, domin tasha na iya kwana tana aiki da ma'aikaci ɗaya, ko ma babu kowa. Illarsa ita ce aikin da a da yake warwatse a hannun mutane da na'urori da yawa yanzu an tara shi a rumbu guda.

YADDA AKE TAGWAITAWA

Kafin murya ta isa kunnen mai sauraro sai ta bi ta matakai biyar: faifan ajiya, kwamfutar jadawali, teburin haɗa sauti, hanyar da ke kai sauti daga ɗakin gabatarwa zuwa tashar watsawa, sai injin watsawa da eriyarsa a kan dogon turke. Dukkansu kuwa a kan wutar lantarki suke tsaye. Duk matakin da ya kasance tilo, to, mutuwarsa mutuwar tasha ce, komai yawan na'urorin da aka jibge a sauran matakan.

A matakin ajiya akan haɗa faifai biyu ko fiye, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya kasance akwai shi a wani, ta yadda in ɗaya ya mutu ba a rasa kome ba. A matakin jadawali akan sa kwamfuta biyu su bi jadawali guda da agogo guda, galibi agogon da ake saitawa daga tauraron ɗan'adam. Uwar na'ura tana aika wa na'iba wata 'yar alama a kai a kai, wadda injiniyoyi ke kira bugun zuciya, ma'anarta dai ina nan da rai. Da zarar alamar ta daina zuwa, na'iba ta karɓi aiki.

Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ake sawa a bakin hanyar fita, aikinta kawai sauraron shiru. In sauti ya ɗauke har ya wuce adadin daƙiƙoƙin da aka saita mata, sai ta juya layi zuwa na'iba, ko zuwa wani ɗan akwati mai ɗauke da shirye-shiryen cike giɓi. Saita ta yana buƙatar sanin irin shirye-shiryen tashar. In aka gajarta lokacin, za ta ɗauki numfasawar mai karatun Alƙur'ani ko ta malami mai tafsiri a matsayin lalacewa, ta katse shi. In aka tsawaita kuma, mai sauraro zai murɗa zuwa wata tasha kafin ta farga.

Karɓar aiki na da nata haɗarin. Idan wayar da ke tsakanin kwamfutocin biyu ce ta tsinke, alhali kowacce lafiyarta ƙalau, sai kowacce ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, su biyun su yi ta kokawar layi, kamar dai mutum biyu su fito limanci a lokaci guda sahu ya rabu. Maganin wannan shi ne a sa makunni guda mai yanke hukunci, wanda ba ya buɗe wa biyu hanya tare. Haka nan komawa kan uwar na'ura bayan an gyara ta, an fi so mutum ne zai yi shi da hannunsa a ƙarshen wani shiri, bayan ya tabbata gyaran ya kama.

Hanyar kai sauti ita ma akan yi mata biyu, alal misali ɗaya ta iska tsakanin eriya da eriya, ɗaya ta wayar gilashi ko ta intanet. Injin watsawa akan ajiye masa ƙarami a gefe, wanda ko bai kai nisan babban ba zai riƙe gari da kewayensa. Wuta kuwa hawa-hawa ake yi mata: ta gwamnati, sai batura masu riƙe na'urori a 'yan daƙiƙoƙin da janareta ke ɗauka kafin ya tashi, sai janaretan kansa da na biyunsa, yanzu kuma ga hasken rana.

LISSAFI DA SHARAƊINSA

Shekara tana da sa'o'i 8,760. Na'urar da ke aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, wadda a baki kamar ba ta da aibu, tana kwance ke nan na sa'o'i 87 da 'yan kai a shekara, watau fiye da kwana uku da rabi. Idan aka ajiye irinta biyu, damar su lalace a lokaci guda ita ce ɗaya cikin 100 sau ɗaya cikin 100, watau ɗaya cikin 10,000, kimanin minti 53 ke nan a shekara. Daga kwana uku da rabi an dawo ƙasa da sa'a guda. Wannan lissafi ne dillalan na'urori kan nuna wa masu saye.

Amma fa lissafin na da sharaɗi, shi ne lalacewar ɗaya ba ta da dangantaka da lalacewar ɗayar. In su biyun suna ɗaki guda, suna shan wuta daga layi guda, kuma abu guda zai iya cim musu, to, lissafin ya rushe, biyun sun zama ɗaya. Manomi ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa ake gina rumbu nesa da murhu, mai hatsi da yawa kuma ba ya zuba shi duka a wuri guda. Misalai uku za su fito da wannan fili.

Ran 11 ga Satumba 2001, da aka rusa tagwayen benayen cibiyar ciniki ta birnin New York a Amurka, yawancin manyan tashoshin talabijin na birnin sun ɓace daga akwatunan masu kamawa da eriya, domin injinan watsawarsu a kan bene na arewa suke. Tashar WCBS ta ci gaba da fita, saboda ta riƙe wani injin na ko-ta-kwana a kan wani bene dabam, watau Empire State. Nisan da ke tsakanin uwa da na'iba shi ya cece ta.

Ran 25 ga Satumba 2021, a wata cibiya da ke London wadda kamfanin Red Bee Media ke sako shirye-shiryen tashoshi da dama daga cikinta, na'urar kashe gobara ta tashi. Ƙarfin ƙarar da iskar kashe wutar ta fito da ita ya lalata faifan ajiya masu yawa a lokaci guda. Tashar Channel 4 ta koma wurinta na ko-ta-kwana, hoto da murya suka dawo, amma sai aka tarar wurin ba ya iya fitar da rubutun da kurame ke karantawa a ƙasan hoto. Aka yi kusan wata guda kafin rubutun ya dawo wa yawancin masu kallo, kuma a 2022 hukumar Ofcom mai kula da tashoshin ƙasar ta sami tashar da saɓa sharaɗin lasisinta. A nan akwai na'iba, kuma tana nesa, sai dai ba ta iya dukan aikin uwar ba, ba a kuwa gane haka ba sai ranar buƙata.

Misali na uku na gida ne. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano da Jigawa, sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace sakamakon ɓarnar da aka yi wa turakunsa, nauyi duka ya koma kan layin da ya taso daga Enugu ya bi ta Makurɗi zuwa Jos. Da wannan ya faɗi babu na uku. Darasin shi ne, daga sa'ar da na'iba ta karɓi aiki ba sauran na'iba, har sai an gyara uwar.

KOGIN HAƊEJA DA DAMINA

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, ya nufi arewa maso gabas ta ƙasar Ringim da Auyo har garin Haɗeja. Daga nan ƙasa ta baje, kogin ya rarrabu zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana, ya malala cikin fadamun da suka miƙa har Nguru, kafin ruwan ya haɗu da na Kogin Jama'are ya nufi Tafkin Cadi. A kan wannan ruwa ne noman shinkafa da noman rani da su da kiwo suka dogara, kuma kifinsa ne ya ɗaukaka sunan kasuwar kifi ta Haɗeja.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun da ruwa ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacala ta yaɗu, ita da yashi suka toshe hanyoyin ruwa da dama. Saboda haka in aka yi ruwan sama mai yawa, madatsun suka cika suka tumbatsa, sai kogi ya rasa hanyarsa ta asali ya faɗa gonaki da garuruwa. An ga haka a 2001 da 2010 da 2018 da 2020 da 2022, inda ƙananan hukumomi irin su Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Kirikasamma da Guri suka sha hasara, mutanen Haɗeja kuma suka riƙa fita da buhunan ƙasa suna ƙarfafa jingar da ke kare garinsu.

Irin wannan ambaliya tana da wata siffa da ta sa rediyo ke da daraja. Ruwan da ya wuce Wudil yakan yi kwanaki kafin ya iso Haɗeja, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ke nan akwai lokacin da za a kwashe hatsi, a kora dabbobi tudu, a fitar da tsofaffi da yara, in dai labari ya iso kuma an yarda da shi. Hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da koguna ta ƙasa suna fitar da hasashensu kowace shekara kafin damina ta kankama, amma hasashen shekara ba ya gaya wa masunci a Guri abin da zai yi gobe da safe. Tashar da ke kusa da shi, mai magana da harshensa, ita ce ke iya wannan. Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

To, a nan ne matsalar take. Ranar da aka fi buƙatar tasha ita ce ranar da abu guda ke iya cim ma dukan matakanta. Iskar hadari na ka da turakun wuta. Tsawa na faɗa wa turken eriya, ta bi waya ta ƙone uwa da na'iba in suna haɗe. Ruwa na yanke hanyar mota, man janareta ya kasa isowa, ma'aikacin da zai karɓi aiki ya maƙale a hayi. Janareta biyu da aka girke a daɓe guda ruwa guda ne zai shanye su. Turakun wayar salula, waɗanda ake dogara da su don kai sauti ta intanet da karɓar rahoto daga ƙauyuka, su ma da man dizal suke aiki, kuma ta hanyar da ruwa ya yanke ake kai musu shi.

Don haka tagwaitawa a kwarin Haɗeja ta wuce sayen kwamfuta biyu. Tilas a ɗaga janareta da batura da tankin mai sama da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Tilas a sami ƙaramin ɗakin gabatarwa da injin watsawa a wajen fadama, a kan jigawa ko a Dutse, da kwafen shirye-shirye na ranar. Ya kamata tashoshin gwamnati da na 'yan kasuwa su yi yarjejeniya a rubuce cewa in ɗaya ta faɗi ɗaya za ta ɗauki sanarwarta. Ya kamata kuma a tuna cewa zangon FM ba ya wuce abin da tsawon turke da ƙarfin inji suka ba shi, matsakaicin zango kuwa yana cin nisa, musamman da dare, saboda haka kowanne na iya zama na'ibin ɗan'uwansa.

SHIRUN DA NA'URA BA TA JI

Akwai wata lalacewa da duk na'urorin da aka ambata ba sa gane ta. Na'urar sauraron shiru ba ta san ma'anar magana ba, sauti kawai take ji. Tashar da ke sako waƙoƙi da tallan taki da ƙarfe biyun dare, alhali jinga ta ɓalle, a wurin na'ura lafiya lau take. A wurin mutanen da ruwa ke shiga wa gida kuwa daidai take da wadda ta mutu.

An ga haka a garin Minot na Amurka ran 18 ga Janairu 2002. Jirgin ƙasa ya kauce daga kan dogo cikin dare, iska mai guba ta sinadarin taki ta lulluɓe wani sashe na garin, mutum ɗaya ya mutu, da yawa suka jikkata. 'Yan sanda sun yi ta neman tashar rediyon da aka keɓe don sanarwar gaggawa ba su samu shiga ba na wani lokaci, tashoshin garin kuwa suna ta sako shirye-shiryensu na yau da kullum. Daga baya an yi ta jayayya a kan ko laifin kamfanin tashoshin ne ko na hukumomin da ba su saita tasu na'urar sanarwa daidai ba. Ko na wane ne, tashoshin ba su mutu a daren ba, sanarwa ce ba ta sami ƙofar shiga ba.

Haka nan na'ibar da jadawalinta ya tsufa tana iya yin ɓarnar da ta fi shiru. In ta karɓi aiki da azumi ta sako sanarwar shan ruwa ta makon jiya, ta ɓata wa mutane ibada. In ta maimaita sanarwar shekaranjiya mai cewa hanya kaza a buɗe take, ta tura mutane cikin ruwa. Saboda haka kowace sanarwar ambaliya ya wajaba ta faɗi rana da sa'ar da aka yi ta, ta ambaci sunayen garuruwa da unguwanni, ta kuma faɗi inda za a nufa.

A nan ɗaliban harshe na da aiki. Kalmar ruwa a Hausa tana ɗaukar na sama da na kogi, saboda haka in aka ce ruwa na zuwa, wani sama zai duba. Sai an ce kogi ya kawo, ko ambaliya na tafe, sa'an nan magana ta fita. Ƙasar Haɗeja kuma ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Fulani da Mangawa da Badawa, kuma makiyayin da ke cikin fadama da garkensa shi ne kan fara haɗuwa da ruwa. Tsara irin waɗannan sanarwoyi da harsunan nan, a ɗauke su a ajiye tun da rani, yana daga cikin shirin ko-ta-kwana kamar yadda sayen janareta yake.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu ga ma'aikatan da ke tsara kasafi da masu sa hannu a kwangila.

Na farko, na'urar da ke zaune ba ta aiki ba almubazzaranci ba ce, kamar yadda safayar mota ba kayan banza ba ce. Amma kafin a amince da sayen na'iba, a tambayi mai kawo ta abin da zai iya ka da ita tare da uwar, a kuma sa kayan gyara da koyar da ma'aikata cikin kwangilar.

Na biyu, a gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, a kashe uwar na'ura da gangan da rana tsaka, a yanke wutar gwamnati, a ga abin da zai faru, a rubuta daƙiƙoƙin da aka yi shiru da abin da ya ƙi tashi. Batir yakan mutu a zaune, mai yakan gurɓace a tanki, lambar waya takan canja.

Na uku, daga Yuli zuwa Oktoba kada a bar tashar da ke cikin kwari a hannun kwamfuta ita kaɗai da dare. A sami mutum mai suna da muƙami, wanda aka ba izini a rubuce ya katse kowane shiri, ko na wane ne, ya karanta sanarwar hukumar ba da agajin gaggawa ba tare da jiran umarni daga Dutse ba. A ba shi layin waya na kamfanoni biyu dabam-dabam.

Na huɗu, kada a yar da tsohuwar hanya. Saƙon da ke tasowa daga fadar Sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har mai shela ya zaga da shi ko a faɗe shi a lasifikar masallaci, ba ya dogara da turken eriya ko layin Shiroro. Wannan ne ya sa ya cika sharaɗin da aka faɗa tun farko, domin abin da ke ka da rediyo ba lalle ya ka da shi ba. Abin da ake buƙata shi ne sanarwar da tasha ta karanta ta zama ita ce ta isa hannun hakimai a sa'a guda, da kalmomi iri guda, don kada jama'a su ji magana biyu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye mutanen kwarin Haɗeja da dukiyoyinsu daga sharrin ruwa.